Wa Ya Ƙirga, Yaya Aka Ƙirga?

Idan aka jera shekarun mutanen wata ƙaramar hukuma a jadawali, daga jariri zuwa tsoho, abin da ido zai fara kamawa shi ne cunkoso a kan 30, 35, 40, 50 da 60. Masu shekara 39 ko 41 kuwa sai ka rasa inda suka shiga. Ba haihuwa aka fi yi a waɗancan shekarun ba. Mutum ne bai san ranar da aka haife shi ba, aka tambaye shi, ya ce, "To, zan kai arba'in," mai tambaya ya rubuta 40 ya wuce gida na gaba. Masana yawan al'umma har ma'auni gare su na gane tsananin wannan cunkoso, ana kiransa da sunan Whipple, kuma ƙidayar ƙasashenmu ta sha faɗawa sahun da ma'aunin ke nuna rauni. Kwamfuta za ta zana maka cunkoson cikin daƙiƙa guda, amma ba za ta gaya maka cewa dattijon da ya ce arba'in yana tuna shekarar da aka kashe Sardauna ba, wato ya haura sittin. Wannan sai wanda ya zauna a kan tabarma a zauren dattijon.

Duk abin da na zama a aikin ƙididdiga, daga wannan tabarmar ya faro, kuma a kanta nake auna duk wanda ya zo neman aiki wurina yau.

Lissafi na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na karkata zuwa ƙididdiga a shekarun ƙarshe. A gidanmu ba wanda ya san me ake yi da wannan karatu. Gwaggona takan tambaye ni, "Yanzu ke in kin gama, likita za a ce ko lauya?" In na ce ba ko ɗaya, sai ta ce, "To Allah ya sa albarka, koyarwa ma aiki ce." Ni kaina ban san amsar ba. Aikin farko da na samu bayan hidimar ƙasa ma ba don takardar digirina aka ba ni shi ba. Wata ƙungiya ce za ta yi binciken lafiyar mata da yara a ƙauyuka, tana neman mata masu jin Hausa waɗanda za su iya shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu. Namiji, komai iliminsa, iyakarsa zaure. Ta wannan ƙofar na shigo, kuma har yau ina ganin babu wata jami'a da ta koya mini abin da na koya a tsakar gidajen nan.

An haɗa ni da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, muna ce mata Anti. A wani gida na zauna da wata mata a ƙofar ɗakinta tana surfe, na tambaye ta haihuwarta nawa. Ta ce biyar. Ta jero mini sunaye, na rubuta, na ɗauki shekarunsu. Anti tana gefe tana wasa da jaririn matar, kamar ba ta saurare. Da na kai ƙarshen shafin sai ta matso, ta ce da matar cikin sanyin murya, "Ƙanwata, wancan saurayin da ya shigo da ruwa fa?" Matar ta sunkuyar da kai tana murmushi, kishiyarta ce ta amsa daga bakin murhu: ɗan fari ne, ai ba za ta ambace shi ba. Shida ke nan. Sai Anti ta duba takardata, ta sa yatsa a tsakanin yaro na uku da na huɗu, inda tazarar ta kai shekara biyar, ta ce, "A tsakanin nan, akwai wanda Allah ya karɓi abinsa?" Matar ta ajiye taɓarya. Ta ce biyu ne. Ɗaya ya yi wata bakwai, zazzaɓi ya ɗauke shi. Ɗayar kuma kwana uku ta yi. "Ita ai ba ta kai suna ba, shi ya sa ban sa ta a lissafi ba."

Haihuwa takwas, rasuwa biyu. Matar ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan; kunya da alhini da yadda muke ɗaukar jaririn da bai kai kwana bakwai ba su ne suka tsara amsarta. Kuma wannan jaririyar ta kwana uku ita ce ainihin abin da binciken ya fito nema, domin mafi yawan jariran da ke rasuwa a watan farko a makon farko suke tafiya. Da binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa na 2018 ya fito da cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya 132 ba sa kai shekara biyar, 39 kuma ba sa cika wata guda, na san kowace ɗaya daga cikin lambobin nan sai da wata mace ta zauna gaban wata mace ta iya yin tambayar da ba ta da daɗin yi. Inda mai tambaya ta yi gaggawa, sai mace-mace su ragu a takarda, jiha ta fito fes a rahoto, a kai kuɗin magani wani wuri.

Haka abin yake a gona. Manomi zai ce maka ya samu dami talatin na gero, matarsa ta sayar da tiya goma na wake, kai kuma takardarka kilo take nema. Damin wannan gari ba na wancan ba ne, mudun wata kasuwa a tule ake awo, na wata a shafe. Sai ka ɗauki sikeli ka shiga kasuwar da kanka. Girman gona ma haka: da aka fara zagaya gonaki da na'urar GPS a binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010, da irinsa a wasu ƙasashen Afirka, an ga masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya kuma su faɗi ƙasa. Ga kuma tsoro. A ƙauyuka da yawa tambayar farko da dattawa ke yi mana ita ce, "Haraji za a dawo da shi?" Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali tun 1979, amma mutumin da kakansa ya ɓoye shanu a daji saboda malamin jangali bai manta cewa ƙirga da karɓa tare suke zuwa ba. Kafin ka buɗe jaka sai ka gaida dagaci, ka samu ɗan rakiya daga mai unguwa, ka yi bayani har a gamsu.

Daga fili aka mayar da ni ɗakin shigar da bayanai. A lokacin takarda ake cikawa, a ɗaure ta dami-dami a kawo ofis, mutum biyu daban-daban su shigar da kowace takarda a manhajar CSPro, sannan a gwada, duk inda suka saɓa a koma a ɗauko takardar. Aiki ne mai cin rai, abokaina da yawa sun ɗauke shi ƙasƙanci ga mai digiri. A nan ne idona ya buɗe da gane takardar da aka cika a gindin mangwaro, wato wadda mai tambaya bai shiga gidan ba, ya zauna a inuwa ya ƙirƙiro amsoshi. Tana da alamu. Duk tambayar da in an ce "e" za ta buɗe wasu shafuka, sai ka ga an ce "a'a". Yaran da ya kamata su kasance 'yan shekara huɗu sun zama 'yan shida, domin yaro in bai kai biyar ba akwai dogon sashe na rigakafi da awon tsawo da nauyi da za a cika masa. Wannan tura shekarun yara matsala ce sananniya a binciken lafiya na ƙasashe da yawa, ba a nan kaɗai ba. Wanda bai taɓa ɗaukar sikelin yara ya yi yawo da shi cikin rana ba, ba zai san inda zai nemi wannan gurbi ba.

Na koma karatun digiri na biyu ina da goyo. SPSS na fara sani, na koma Stata, daga baya na koyi R da dare in an kawo wuta yara sun yi barci. A 2012 mujallar Harvard Business Review ta buga wata maƙala da ta ɗaga darajar sabuwar sana'ar da ake kira kimiyyar bayanai, kafin wani lokaci sai ga tallan aiki ko'ina suna neman masu Python da koyar da na'ura. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Yara ƙanana da suka yi kwas na 'yan watanni a intanet suna zana abubuwa masu ƙyalli a allo waɗanda ban iya ba, na riƙa jin kamar zamani zai wuce ya bar ni da tsofaffin littattafan zaɓen samfuri. Na zauna na koyi Python da SQL a wurin wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba, ina kiransa Malam yana jin nauyi, kuma na ji daɗin karatun ƙwarai.

Da na iya, sai na ga inda kowannenmu yake da rata. Wani matashi mai kaifin basira ya kawo mini tsarin da ya gina wanda ke hasashen matan da za su samu matsala wajen haihuwa, ya horar da shi da bayanan asibitoci, sakamakon ya yi kyau matuƙa. Na tambaye shi, matan da ke cikin bayanan nan su wane ne? A binciken 2018, kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti a faɗin ƙasar, a arewa maso yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Tsarinsa ya san matar da ke da kuɗin mota da iznin miji da asibiti kusa. Matar da ta haihu a hannun unguwarzoma a rugar da babu hanya bai taɓa ganinta ba, ita ce kuwa ta fi shiga haɗari. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfensa mai rami ya ciro daga tsakiya da ƙasa, domin ya san mai kaya a sama yake zuba mai kyau. Bayanan da suka taru da kansu, na asibiti ko na waya ko na Facebook, bakin buhu ne, komai yawansu. Shi ya sa duk matashin da ya tambaye ni wace manhaja zai koya, nakan ce ya ɗauki R ko Python ya ƙware, ya haɗa da SQL, wannan aikin watanni ne. Abin da zai ɗauke shi shekaru shi ne ilimin yiwuwa, da zaɓen samfuri, da sanin nauyin da za a ba kowane gida a lissafi, da iya rubuta shafi ɗaya da kwamishina zai karanta ya gane.

Ba raina sabon ilimin nake ba. Abu mafi kyau da na gani a aikina shi ya kawo shi. A yaƙin kawar da shan inna, taswirar da ma'aikatan rigakafi ke bi a da da hannu ake zana ta, ƙauyen da mai zane bai sani ba babu shi ke nan. Da aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka fitar da kowane rufin ɗaki, aka ba tawagogi wayoyi masu nuna inda suka taka, sai ga rugage da unguwanni da ba a taɓa kai musu ɗigon rigakafi ba sun bayyana a allo. Kano na cikin wuraren da aka fara wannan aiki. Ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, na yi kuka a ofis, domin na san rabon masu taswira da masu lissafi a cikin wannan nasara, ko da ba a ambace su a rediyo ba.

Shugabanci kuwa bai zo mini yadda na zata ba. Na ɗauka in aka ba ni sashe zan samu damar yin manyan nazarce-nazarce. Sai na tarar rabona da buɗe manhajar lissafi yakan kai makonni. Kwanakina sun koma kasafin kuɗi, da neman mota, da sasanta mutane, da taro. Na yi kewar aikin hannu sosai, har yanzu ina yi. Amma a kujerar na fahimci cewa yawancin takardun gindin mangwaro a ofis ake haifar su. In ka ce wa yarinya ta yi gida goma sha biyu a yini, alhali tambayoyin gida ɗaya suna cin awa ɗaya da rabi, ka kuma riƙe mata alawus har ta ci bashin kuɗin acaɓa, kai ka rubuta ƙaryar, ita hannu kawai ta ara maka. Saboda haka faɗan da na fi yi a matsayina na shugaba ba a kan dabarun lissafi ba ne. A kan a biya masu tattara bayanai kafin su fita ne, a rage adadin gidajen yini, a sa kuɗin mai raino ga masu shayarwa, a samar musu masauki mai ƙofa da makulli. Na sha zuwa gidan mijin ma'aikaciya da kaina in gaishe shi, in yi masa bayanin inda za ta kwana da wadda za ta kwana tare da ita, domin in na rasa ta na rasa gidaje ɗari da namiji ba zai shiga ba. Masu ba da kuɗi sukan so a yanke waɗannan layuka daga kasafi a sayi sababbin kwamfutoci. Nakan ce musu a'a, in kawo musu lissafin abin da sake bincike zai ci in na farko ya lalace.

Da rashin tsaro ya tsananta a dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato sai wani nauyin ya ƙaru. Ƙauye ya faɗo cikin samfuri, amma hanyarsa ba ta biyuwa. Ba zan tura 'yar wani inda ba zan tura tawa ba. To amma in ka musanya shi da ƙauyen bakin titi ka yi shiru, ka share mutanen da suka fi kowa wahala daga rahoton. Dokar da na kafa a sashena ita ce duk wurin da ba mu je ba a rubuta shi a shafin farko, ba a can ƙarshen rahoto cikin ƙananan haruffa ba.

Akwai ranar da ke jiran duk wanda ya hau irin wannan kujera. Tawa ta zo ne bayan wani bincike da muka yi kan rigakafin yara. Rahoton wata-wata da cibiyoyin lafiya ke aikowa yana nuna an yi wa kusan kowane yaro, a wasu ƙananan hukumomi ma lissafin ya haura kashi ɗari, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Mu kuma da muka bi gida-gida muna duba kati muna tambayar iyaye mata, abin da muka samu bai kai rabin haka ba. Wani babba ya kira ni ofishinsa. Ya sa aka kawo mini lemo, ya tambayi maigida da yara, ya yaba aikina. Sannan ya juyo da takardar ya tura mini, ya ɗora biro a kan lambar. Ya ce, "Hajiya, ki ɗan sake duba mana wannan. Baƙi za su zo mako mai zuwa, kin san abin da ke tattare da zuwan nasu. Ke 'yar gida ce, ba sai na yi miki dogon bayani ba."

Bai daka mini tsawa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Gabana ya faɗi, na tuna kuɗin makarantar yara, na tuna kwantiragin da saura 'yan watanni ya ƙare. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan sake dubawa, in akwai kuskure ni zan fara faɗa. In babu, ba zan iya sa hannu a wata lambar ba. Abin da zan iya shi ne in rubuta maka bayanin dalilin da ya sa biyun suka saɓa, da abin da za a yi cikin wata shida, ka riƙe shi a gaban baƙin." Ya ce in je zai neme ni. Muka kwana muna bin lissafin ni da ma'aikatana, babu kuskure. An daina kirana taro, kwantiragin bai sabuntu ba, na yi watanni a gida ina koyarwa ta wucin gadi kafin in koma aiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'aikatana sun san abin da ya faru. Wata daga cikinsu ta ce mini daga baya, da na canja lambar, da ba ta ƙara wahalar da kanta ta koma gida sau biyu neman uwar da ta tafi unguwa ba.

Ban ɗauki kaina jaruma a kan wannan ba, domin wasu sun biya fiye da haka. A Ajantina an cire Graciela Bevacqua daga kula da ma'aunin farashin kaya a 2007 saboda ta ƙi rage alƙaluman hauhawar farashi. A Girka, Andreas Georgiou, wanda ya karɓi shugabancin hukumar ƙididdiga a 2010 ya fitar da cewa giɓin kasafin 2009 ya kai kashi 15.4 cikin ɗari na girman tattalin arzikin ƙasar, ya shafe shekaru yana zaryar kotu. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'idojin ƙididdigar hukuma tun 1994, Najeriya tana da dokar ƙididdiga ta 2007, amma a ɗakin da aka rufe ƙofa aka ɗora biro a kan lamba, mutum ɗaya ne ke amsawa. Kuma gaskiyar tana da amfaninta: da binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin ɗari na yara ne kawai suka samu allura ta uku ta rigakafin cututtuka biyar, a Sakkwato ma kashi 3, hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta kafa cibiyar gaggawa kan rigakafi a 2017. Da an yi wa lambar kwalliya, da ba wanda ya motsa.

Sai dai ba duk lambar da ta canja ba ce aka yi wa maguɗi, kuma a nan ne nake ganin jama'a ke bin mu masu wannan sana'a bashin bayani. A Afrilun 2014, ƙarƙashin Dakta Yemi Kale, Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da ake auna tattalin arziki a kanta daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da harkar wayar salula da fina-finai yadda ya kamata, sai girman tattalin arzikin 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Aikin daidai ne, ya ma daɗe da kamata. Amma mai shayi da ya ji a rediyo cewa arziki ya kusa ninkawa dare ɗaya, ya duba aljihunsa, ya yanke hukuncin cewa ƙarya ce. A 2023 aka sake irin haka da rashin aikin yi: daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1, saboda an koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wanda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Ma'aunin yana ba da damar gwada ƙasa da ƙasa, na yarda. Amma a wurinmu talaka ba shi da halin zama babu aiki, ko ruwan leda zai sayar, don haka tambayar da ta dame shi ita ce ko aikin yana ciyar da gida. Wannan bayani ya kamata a yi shi da Hausa da Yarbanci da Ibo da Kanuri a ranar da aka fitar da lambar, daga bakin wanda ya lissafa ta. Tun daga nan na ɗora wa kaina zuwa gidajen rediyo. Ba na cewa 132 cikin 1,000. Nakan ce, a lissafin 2018, cikin kowane yara takwas da aka haifa, kusan ɗaya ba zai kai shiga firamare ba. Masu kiran waya sukan yi shiru, sannan su fara tambayar me ke kashe su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne ƙidaya. An soke ta 1973 saboda rigima. Ta 2006 ta ba da mutum miliyan 140, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Legas ta ƙi amincewa. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ke nan duk kason da muke lissafawa, na rigakafi ko na shiga makaranta, ana raba shi ne da adadin da aka hasaso daga ƙidayar 2006 ana ƙara masa kaso iri ɗaya duk shekara, kamar ba a yi gudun hijira daga Borno ba, kamar garuruwa ba su cika sun batse ba. Wani ɓangare na rigakafin da ya haura kashi ɗari daga nan yake fitowa. Kuma da rahoton talauci ta fuskoki da dama ya fito a 2022 da mutum miliyan 133, mafi yawansu a arewa, na duba ɗakunan da ake tafka muhawara a kansa, na ga 'yan yankin da ake magana a kansu ba su da yawa a teburin, mata kuwa sai ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Saboda haka duk wanda na ɗauka aiki yanzu, ko daga wace jami'ar Ingila ko Amurka ya dawo, filin bincike yake fara zuwa kafin in ba shi kwamfuta. Wasu sukan ji haushi, nakan bar su su huce a hanya. Kowane rahoto da ya fita daga sashena yana ɗauke da sunayen waɗanda suka yi aikin, kuma ƙaramin da ya yi nazarin shi nake tura wa ya gabatar a gaban manya, ni ina zaune a baya ko da tambaya za ta fi ƙarfinsa. 'Yan matan da suka yi mana tattara bayanai kuwa, waɗanda na ga hannunsu da tsabta, nakan tara su ranar Asabar a wani ajin makaranta da aka ara mana. Mun gama Excel, mun shiga R, wannan zangon muna kan yadda ake zaɓen samfuri da lissafa nauyinsa. Akwai waɗanda suka nemi gurbin digiri na biyu a Bayero da Zariya, ina rubuta musu takardar shaida, ina kuma bin iyayensu da mazajensu ɗaya bayan ɗaya don a bar su su tafi.